Ƙafar da Ta Fice a Hanyar Katagum

Mun tashi da asuba, ana sallame salla a masallacin unguwarmu a Azare. Mu uku ne a gaban motar janwe, wato motar da ake ɗauko matattun motoci da ita: ni, da direbanta, da wani dattijo da zan kira Alhaji kawai. Ku da kuke bibiyar shafin nan kun saba in na yi tafiya in dawo muku da hotunan rim masu sheƙi da sababbin tayoyi. Wannan karon ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Motar ɗan Alhaji za mu ɗauko, wadda ya rasu a cikinta kwana tara kafin ranar, a kan hanyar Katagum.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata taya da rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, shekara goma sha shida ke nan ina kanta. Marigayin abokin cinikina ne. Shekararsa talatin da 'yan kai, yana da mata da 'ya ɗaya, yana da kantin magani a cikin gari. Ba ya shan ko sigari, amma yana da ciwon son mota. Tasa 'yar Kwatano ce mai ƙofa biyu, ja, mai dogon hanci, gajeriya kamar za ta lashi kwalta. A garin da ramukan hanya suka fi fitilun titi yawa, mota irin wannan abin kallo ce, kuma abin gulma.

Gulmar ce ta kawo Alhaji shagona ana jibi za mu tafi. Ya ce tun ba a yi sadakar uku ba magana ta zaga gari cewa yaron gudun ganganci yake yi, wai ya sha daga cikin ƙwayoyin da yake sayarwa. Wata mata ta faɗi haka a wurin zaman makoki, ba ta san uwar mamacin tana bayan labule ba. Tun ranar Hajiya ta daina fitowa karɓar gaisuwa. Alhaji ya ce da ni, “Malam, kai ka san motar nan ciki da waje. Hukuma ta gama nata duba, ta ba ni takarda. Ina so ka je ka dube ta da idonka kafin kowa ya taɓa ta, ka gaya mini abin da ka gani.” Na ce to. Abin da ban gaya masa ba shi ne, mako uku kafin hatsarin ni na canza wa motar ƙafafu huɗu.

Mun bar Azare gari bai gama wayewa ba. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai ya fi mutum tsawo, dama da hagu kore shar har iyakar gani. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, kowane rami a kan hanya ya cika ya kwanta lumui, ba ka sanin mai zurfin tafin hannu da mai zurfin gwiwa sai ka faɗa. Janwen kuwa tsohuwa ce, ƙofar ɓangarena da igiya aka ɗaure ta, in ta faɗa rami sai kanmu ya gaisa da rufi. Masu babur suna ta wuce mu da buhunan gawayi da jarkokin nono, suna nufar kasuwar Azare. Mun tsaya shan mai a bakin gari, direban ya kalli lambar famfo tana gudu ya ce ita ce kaɗai abin da ke gudu a ƙasar nan ba tare da ta gaji ba.

Direban Bafulatani ne, Alhaji kuwa iyayensa daga Borno suka zo, don haka akwai wasa tsakaninsu. A ranar da babu komai da sun cika motar da tsiya, wannan ya ce bawana, wancan ya ce bawana. Direban ya gwada sau ɗaya da muka tarar da garken shanu sun tare hanya, ya ce Alhaji ya sauka ya gai da iyayen gidansa. Alhaji ya yi ɗan murmushi don kada ya kunyata shi, ya koma kan carbinsa. Daga nan ba wanda ya sake gwadawa.

Ni kuwa tunanin ranar canjin nake yi. Marigayin ya samo rim huɗu daga wata mota mai ƙofa biyu irin tasa, amma ƙirar wani kamfani dabam, wadda injinta ya mutu. Baƙaƙe ne masu faɗi, suna da kyau ƙwarai. Ya ce in ɗaura masa kafin Asabar, akwai bikin abokinsa. A ido komai daidai: tasa rami biyar, waɗannan ma rami biyar. Duk hanyar nan ina ce wa kaina ai kwana ashirin ya yi yana yawo da su, da akwai matsala da tuni ta fito.

A Gadau muka karya. Mai shayi a bakin titi ya haɗa mana da burodi da ƙwai, a kan kuɗin da a 'yan shekarun baya zai ciyar da mu uku rana da dare. Ɗalibai suna ta tsallaka titi da littattafai a hammata, mata suna tuyar ƙosai, wani mai faci yana ta fama da tayar amalanke. Alhaji ya kurɓi shayin sau biyu ya ajiye. Mai shayin da ya ga janwe ya tambaya ko jar motar nan za mu ɗauko. Ya ce, “Ai yaran nan na yanzu, in suka sha abinsu ba sa ganin hanya.” Bai san wa yake gaya wa ba. Alhaji ya ciro kuɗi ya biya, har da godiya, muka tashi.

Bayan Gadau hanya ta ƙara lalacewa. Ƙasar ta fara sauka, gonakin gero suka soma ba shinkafa wuri, ruwa kwance a fadamu, belbelu fari fat a kansa. Wasu wuraren ruwa ya cinye gefen kwalta, an jera duwatsu da rassan ƙaya don a gargaɗi direba. Wajen ƙarfe tara muka hango jar motar. Mutanen wani ɗan ƙauye sun turo ta gindin wata tsamiya, sun rufa mata tsohuwar tabarma a kan gilashin gaba. Mai unguwa ya hana a cire ko madubi. Gaba kaɗan akwai kwalbati, kan simintinsa ya fashe, da jan fenti a jiki.

Alhaji bai matsa kusa ba. Ya tsaya nesa da hannu a baya. Ni na zagaya ta. Gaban ya shige ciki, rufin ya lotsa ta ɓangaren direba. Ƙafafu uku suna nan. Ta gaba ta hannun dama babu.

Na tsuguna a wurin. A cibiyar ƙafar mota akwai ƙusoshi biyar masu zare da rim ke shiga, a ɗaure da noti. Biyu sun lanƙwashe, zarensu ya goge. Uku sun karye daga gindi. Na goge laka da babban yatsa na duba bakin karayar. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san bambanci: ƙarfen da duka ɗaya ya karya, bakinsa fari ne tas, sabo. Waɗannan ukun, fiye da rabin kowanne ya yi baƙi da tsatsa, ɗan gefe ne kawai fari. Ma'ana sun daɗe da tsagewa, suna ci a hankali, ɗan abin da ya rage ne ya ƙarasa ran nan. Ba kwalbati ne ya cire ƙafar ba. Ficewar ƙafar ce ta kai motar kwalbati.

Ina tsugune wani manomi ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa, dattijo mai furfura a gemu. Ya gai da mu, aka gaya masa ga uban yaron. Ya ajiye fartanyar ya kama hannun Alhaji da hannu biyu ya yi masa ta'aziyya. Ya ce a gabansa aka yi. “Alhaji, ba gudu yake ba. Ina bakin hanya da shanuna biyu, ya rage tafiya don kada su firgita, har ya ɗaga mini hannu. Ya wuce ke nan ya fara ɗaukar wuta, sai na ji ƙas, na ga taya ta fice ta wuce motar tana gudu ita kaɗai. Motar ta durƙusa ta ja gefe.” Ya ce shi ya fara isa. Yaron yana cikin hankalinsa, maganarsa garau. Yaron ya ce masa akwai leda a kujerar gefe, maganin hawan jinin goggonsa ne a Katagum, a kai mata. Ya yi kalmar shahada sau biyu. Kafin a samo motar da za ta ɗauke shi rai ya yi halinsa.

Manomin ya ce bai san gidan da zai kai ledar ba, ya ajiye ta. Tayar ma ya tsamo ta daga cikin shinkafa, tana gidansa. Ya je ya gangaro da ita, ledar a ɗaya hannun.

Na kwantar da rim ɗin a ƙasa. Ramukan notin guda biyar da na sani zagayayyu sun zama kamar ƙwai, ƙarfe ya ci ƙarfe. A nan dole in yi muku bayani, don shi ne dalilin rubutun nan. Rami biyar da rami biyar ba shi ne daidai ba. Tazarar da ke tsakanin ramukan motar marigayin da ta waɗannan rim ɗin ta bambanta da milimita biyu da ɗan ɗori, abin da ido ba ya kamawa. Rim zai shiga, noti zai ɗauru, amma kowace ƙusa a karkace take ɗaukar nauyi. Na biyu, babban ramin tsakiyar rim ɗin ya fi bakin cibiyar motar faɗi, don haka bai zauna a kanta ba. Nauyin motar duka, da kowane rami da ta faɗa, a kan ƙusoshin nan biyar yake sauka. Na auna ran da ya kawo su, na ga haka. Maganinsa wani faranti ne na ƙarfe da ake sawa tsakani, muna ce masa adafta, sai an aiko daga Kano. Na gaya masa ya jira. Ya ce biki ba zai jira ba. Na sa dogon bututu a sifana na danne notunan da ƙarfin tsiya, na ce ya lallaɓa da ita kafin saƙo ya iso. Bayan mako guda ya dawo ya ce sitiyari yana rawa. Na ƙara ɗaurewa na sallame shi. Adaftocin sun iso ana saura kwana biyar ya rasu. Suna ƙarƙashin teburina. Aiki ya yi mini yawa, kullum sai in ce gobe zan kira shi.

Alhaji ya matso ya ce, “Malam, me ka gani?” Na ce bari mu ɗora ta tukuna, in ƙara dubawa. Ƙarya na yi, babu abin da ya rage a duba.

Ɗora motar ya ci mana fiye da awa ɗaya, saboda babu ƙafa ɗaya. Mutanen ƙauyen suka kawo gungumen itace muka tallafe ta, sarƙa tana ja tana ƙara. Muna ɗaure ta direban ya raɓo ni. Shi ma ya ga ƙusoshin, kuma ya san shagon da aka yi aikin, Azare ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ka ce ƙafa ce ta fice, ka tsaya a nan. Gaskiya ce ai. Kana da iyali. Kwanansa ne ya ƙare.” Maganar ta zauna mini, don ita nake so in ji.

Alhaji ya ce tunda mun zo nan, mu ƙarasa Katagum ya kai wa yayarsa saƙonta. Tsohuwa ce ƙwarai, ba ta iya tafiyar mota, ko gaisuwar ba ta samu zuwa ba. Muka ci gaba da jar motar a bayanmu, duk ƙauyen da muka ratsa sai mutane su bar abin da suke yi su bi mu da kallo, wasu suna salati. Kusa da gari kogi ya cika ya tumbatsa, masunta a cikin kwalekwale, mata a bakin hanya da tiren soyayyen kifi da kwandon ɗanye. Kifin da a Azare sai ka yi ciniki ka yi gumi, a nan araha yake. Direban ya sayi ƙulli biyu na gidansa, yana ba da haƙuri kamar ya yi laifi.

Katagum tsohon gari ne mai shiru, gidajen ƙasa da lunguna, ga inuwar darbejiya a ƙofar kusan kowane gida. Janwe ba ta shiga lungun, muka bar ta a bakin titi muka taka. Tsohuwar tana kan tabarma a tsakar gida, idonta ya yi rauni. Alhaji ya durƙusa ya sa mata ledar a hannu ya ce ga saƙon ɗanta. Ta shafa kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Ta ce duk wata shi yake kawowa da kansa, ya auna ta, ya yi mata faɗan gishiri. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, hawaye ne kawai suke bin tamojin fuskarta. Sai ta ce, “Ƙanena, abin da ake faɗa a kansa har nan ya iso. Gaskiya ne?” Alhaji ya ce wani manomi ya shaida ba gudu yake ba. Ta ce, “Manomi ɗaya a daji, wa zai ji shi?”

An kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi a zaure. Bayan mun yi azahar a masallacin unguwar, mutane suka watse, direban ya tafi duba sarƙa, ya rage daga ni sai Alhaji a kan tabarma. Na ce, “Baba, ina da magana.” Na gaya masa duka, kamar yadda na rubuta muku a sama: awon da na yi, bututun da na sa a sifana, dawowar da ya yi, da saƙon da ya kwana biyar a ƙarƙashin teburina. Ban ce biki ne ya matsa ba sai da ya tambaye ni dalilin gaggawar.

Sannan ya ce, “Ka san ba daidai ba ne lokacin da kake ɗaurawa?”

Na ce, “Na sani.”

“Shi ya sani?”

“Na ce masa ya lallaɓa. Ban gaya masa tana iya kashe shi ba.”

Ya miƙe ya sa takalmansa. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ce mu kama hanya kada la'asar ta same mu a nan.

Dawowar ta fi zuwan tsawo, ga nauyi a baya, ga rana ta take. Mu uku a kujera ɗaya, kafaɗata tana gugar ta Alhaji a kowane rami. Mun wuce tsamiyar, mun wuce Gadau ba mu tsaya ba. Hadari ya haɗu ta gabas ya watse bai zubar ba. Sai da muka hango gine-ginen Azare, rana ta yi sanyi, Alhaji ya yi magana, idonsa a kan titi. Ya ce, “Ba zan kai ka ko'ina ba. Amma abin da ka gaya mini, za ka gaya wa uwarsa da bakinka. Yau.”

Mun sauke motar a wani fili bayan gidansa, aka rufe ta da tamfol. Ya shiga ya yi mini iso. Hajiya tana ɗakinta, ni ina durƙushe a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu, matar marigayin a gefe da 'yarta a cinya. Na sake faɗa daga farko. Wannan ya fi na zauren wuya, don ina jin numfashinta. Da na gama ta ce, “Ke nan bai sha komai ba?”

Na ce, “Bai sha komai ba, Hajiya. Ko wa ke tuƙa motar nan ran nan, ƙafar sai ta fice.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ta maimaita sau uku, muryarta tana karyewa. Sannan ta ce, “Za ka faɗa a waje kamar yadda ka faɗa a nan?”

Na ce zan faɗa.

Ta ce, “To tashi ka tafi. Kada in ƙara jin muryarka a gidan nan.”

Na isa gida ana kiran magariba. Washegari ban buɗe shago don ciniki ba. Na zauna na tuno duk motar da na taɓa ɗaura wa rim ɗin da ba nata ba, na kira masu su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu na samu. Uku sun kawo, na kwance, a ɗaya na tarar da ƙusa biyu sun fara tsagewa, kuma da ita mai motar yake kai 'ya'yansa makaranta. Na huɗun ya ce motarsa lafiya take, ya kashe waya. In yana karanta wannan, ina roƙonsa don Allah ya ajiye ta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba sabon ilmi ba ne, na san shi tun ina koyon aiki. Kada ku ƙirga ramuka ku ce ya yi. A auna tazararsu, a auna ramin tsakiya, a duba ko notin ya zauna daidai a mazauninsa. In sitiyari ya fara rawa bayan canjin ƙafa, a tsaya a ranar. Mu kuma masu sifana a hannu, in mun ga bai yi ba, mu ce bai yi ba, mai mota ya yi fushi ya tafi da ransa. Ajali na Allah ne, na yarda, amma hannun da ya ɗaure notunan nan nawa ne.

Na san bayan wannan rubutu wasu ba za su sake kawo mini aiki ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Roƙona ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa cewa yaron nan ya sha wani abu, ko ya ji an faɗa ya ƙara gaba, ya koma wurin wanda ya gaya wa ya warware. Lafiyarsa ƙalau, a kan hanyar kai wa goggonsa magani yake. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa da matarsa haƙuri.